Dutsen da ke kan tsohuwar durowar nan: granit ne, tarazo ne, ko me?

Wata Hajiya ta aiko da hotuna da wannan tambaya. Ta sayi tsohuwar durowa mai aljihu huɗu a wurin masu kayan Beljiyam da ake shigowa da su ta Kwatano. Samanta falalen dutse ne baƙi-baƙi mai sheƙi, cike da ƙananan fararen zobba kamar an yayyanka makaroni an watsa. Mai sayarwa ya ce mata granit ne, mai sa mata tayil ya ce tarazo ne. Ana nan sai aka ajiye kofin zoɓo mai lemon tsami a kai, ya bar da'ira dushi-dushi da ta ƙi gogewa. Tana son ta san wane dutse ne, kuma ko tare da durowar aka yi shi.

Hajiya, Allah Ya sa albarka a cinikin. Kofin zoɓon da ya ɓata miki rai ya riga ya amsa rabin tambayar. Granit na gaske, irin duwatsun Jos ko na Dutse, lemon tsami ba ya cin sheƙinsa. Dutsen da tsami ke dusashewa shi ne mai sinadarin kalsayit, dangin dutsen da ake haƙowa a yi siminti a Kalambaina ta Sakkwato ko Malbaza ta Nijar. Da'irar nan ba datti ba ce, tsamin ne ya narkar da fatar dutsen ta sama, shi ya sa sabulu da soso suka kasa.

Bisa hotunan, abin da ya fi rinjaye a raina shi ne dutsen Beljiyam ne da masu sana'ar ke kira petit granit da Faransanci, wato ƙaramin granit. Kin ga ke nan mai sayarwar bai yi miki ƙarya da gangan ba, sunan da ya ji a bakin wanda ya sayar masa ya maimaita. Sai dai sunan ne kawai na granit. Ana haƙo shi a Soignies da Écaussinnes a lardin Hainaut, da kuma wajen Sprimont kusa da Liège. In an bar shi ba gugu sosai yana da launin toka mai shuɗi-shuɗi, shi ya sa can gida suke ce masa shuɗin dutse, suna yin dakali da matakala da bakin taga da shi. In aka goge shi har ya yi sheƙi sai ya koma kusan baƙi, fararen zobban su fito fili. Abin dariya a nan shi ne, mu duk kayan da aka yi amfani da su a Turai muna ce musu Beljiyam ko daga Jamus suka fito, amma naki kam da alama ya ci sunansa.

Zobban nan su ne hujjar, don haka bari in tsaya a kansu. Kimanin shekara miliyan 350 da suka wuce, inda Beljiyam take yanzu teku ne mara zurfi, kuma ƙasansa cike yake da wata halitta da masana ke kira kirinoyid. In kin gan ta za ki rantse fure ce, amma dabba ce, 'yar uwar tauraron teku, tana kafe da ƙasa da dogon kara. Karan nan an jera shi ne da ƙananan faya-fayai masu huda a tsakiya, ɗaya bisa ɗaya, kamar jigida. In dabbar ta mutu sai jigidar ta tsinke, faya-fayan su warwatse cikin laka, lakar ta daskare ta zama dutse. Da zarto ya ratsa dutsen, kowane guntu yana fitowa gwargwadon yadda aka yanke shi. Wanda aka yanka a kwance ya ba da zobe mai ɗigo a tsakiya, wanda aka yanka a karkace ya ba da siffar ƙwai, wanda kuma bai gama tsinkewa ba aka tsaga shi a tsaye sai ya fito kamar ɗan tsani ko haƙoran noti. Ki sami gilashin ƙara girma, ko ki kusantar da kyamarar waya a hasken rana, ki nemi waɗannan siffofi uku. Wataƙila ki ci karo da farin layi mai lanƙwasa kamar yankan farce, wannan ɓawon wata halitta ce mai kama da kumba, ko wani wuri mai ramuka a jere kamar saƙar zuma, wannan murjani ne. Kowane fayafayi ƙwayar kalsayit guda ce, shi ya sa in dutsen ya fashe wurin ke ƙyalƙyali kamar na granit, daga nan sunan ya samo asali.

Mai tayil ɗinki ma ba wauta ya yi ba. Tarazo tsakuwar mabul ce, wato dutsen ado mai karɓar gugu, a cikin siminti, kuma shi ma tsami na cin sa, don haka zoɓo bai raba gardama tsakaninsu ba. Abin da ke rabawa shi ne siffar tsakuwar. Ta tarazo injin ne ya farfasa ta, tana da kusurwoyi, ba ta da huda, ba ta da tsari a cikinta. Sannan in kin duba kaurin falalen ta gefe, tarazo sau da yawa hawa biyu ne, na ado a sama, siminti zalla a ƙasa. Dutsen Allah kuwa abin da ke sama shi ne a gefe, shi ne a ƙasa.

Amma kama da wane ba ta wane. Akwai 'yan uwansa da za su iya rikita ko wanda ya daɗe a harkar. A Kilkenny ta Ayaland ana haƙo dutse mai shekaru da kamanni kusan iri ɗaya. A Derbyshire ta Ingila akwai mai kirinoyid shi ma, sai dai yawanci ya fi haske, toka-toka ko ruwan ƙasa, kuma karan da ke cikinsa manya ne, wasu kamar yatsa. Akwai baƙin dutsen Erfoud na kudu maso gabashin Maroko, wanda halittun cikinsa dogaye ne masu tsini kamar kan mashi, da wasu a naɗe kamar dodon koɗi. Wannan na ƙarshen in kin gan shi a kan kayan katako da aka ce sun shekara ɗari biyu, ki sa alamar tambaya, domin kasuwarsa ta teburori ba ta daɗe haka ba. Sannan a yau ana shigo da shuɗin dutse daga Sin da Biyetnam ana sayarwa a madadin na Beljiyam. Wata alama da masu sassaƙa suka sani ita ce in aka kankare petit granit ko aka fasa shi yana fitar da ɗan wari kamar na ruɓaɓɓen ƙwai na ɗan lokaci. Ba na ce ki fasa naki ba. In za ki gwada, ƙusa ce a can ƙasan falalen, inda ido ba ya kai wa.

Tunda mun zo maganar ƙusa, ga yadda nake bi da duk dutsen da ban sani ba, kuma zai yi miki amfani in kin sake komawa kasuwar. Ba na fara neman suna. Dangi nake fara nema, kuma duk gwajin a ƙasan falale ake yi.

Tauri ne farko. Wani Bajamushe masanin ma'adinai, Friedrich Mohs, ya tsara ma'aunin tauri daga 1 zuwa 10 a 1812, har yau da shi ake aiki. Farcen mutum yana wajen 2.5, kalsayit 3, wuƙar ƙarfe wajen 5.5, ƙwayar kwaz da ke cikin granit 7. Idan farce ya karce dutsen, jipsum ne, dutsen da ake yin fi-o-fi da shi, ko dai tsurarsa da ake kira alabasta ko filastar da aka yi wa ado. Idan farce ya kasa amma wuƙa ta shiga ta fitar da farin gari, kina cikin dangin mabul da dutsen siminti, ko kuma koren dutsen nan mai santsi kamar sabulu da ake kira safantin. Idan wuƙa ta zame ta bar layin ƙarfe mai gogewa da yatsa, to kin shiga dangin granit da fofiri, wani dutse mai tauri da ƙananan ɗige-ɗige. Bayan haka sai tsami. Ki kankare ɗan gari, ki ɗiga ruwan khal, ki kai kunne kusa. Kalsayit zai yi kumfa 'yar siririya yana sisi. Ki share nan take da ruwa. Kada a kawo ruwan batir, ya yi ƙarfi, kuma haɗari ne ga hannu da ido.

Sai sanyi da nauyi. Ki ɗora bayan hannu da safe, dutse na gaske sanyi ƙalau yake kuma yana daɗewa bai ɗumama ba. Nauyinsa kuwa lissafi ne mai sauƙi, domin kowace santimita ɗaya tsawo da faɗi da kauri ta mabul tana da giram 2.7 ko kusa da haka. Falale mai tsawon santimita 120, faɗin 55, kaurin 2.5 zai kai kilo 44 da ɗoriya, ya kusa buhun siminti. In yaro ɗaya ya ɗaga shi da hannu guda, ba dutse ba ne.

Wata 'yar magana a gefe. Za ki ga ina cewa mabul, ba na cewa marmara, ko da yake wasu masu fassara suna amfani da ita. A bakin magina da masu tifa a ƙasar Hausa marmara jar tsakuwar nan ce da ake zubawa a hanya, kuma na taɓa ganin ciniki ya rikice a kan haka. Su ma masu sana'ar a Turai kalmar mabul a wurinsu ta fi ta masana faɗi. Masanin duwatsu ba ya kiran dutse mabul sai zafi da matsi na cikin ƙasa sun sake dafa shi har burbushin halittun cikinsa ya narke, kamar farin Carrara na Italiya ko na Jakura da ke kusa da Lakwaja. Ɗan kasuwa kuwa duk dutsen da ya karɓi gugu mabul ne. Saboda haka in kin ga zobe ko kumba a jikin dutse, a ilimance bai dahu ba ke nan, ko da takardar gwanjo ta ce mabul.

Sunayen kasuwa gaba ɗaya haka suke, ba a kafa hujja da su. Akwai wani dutse da Faransawa suka yi yayinsa a kan durowa a farkon ƙarni na 18 har zamanin sarkinsu Louis na 15, gutsattsarin duwatsu ne ruwan ɗorawa da ja da ruwan ƙasa a manne kamar alawar gyaɗa. Sunansa brèche d'Alep, wato na Halab, amma ba daga Siriya yake ba, a Le Tholonet ake haƙo shi kusa da Aix-en-Provence. Abin da ake kira oniks na Aljeriya, wanda aka sake gano ma'adinarsa kusa da Tlemcen a tsakiyar ƙarni na 19 ya cika ɗakunan Paris zamanin Napoleon na 3, kalsayit ne, wuƙa na shigarsa, alhali oniks na gaske taurinsa wajen 7 ne. Na Aljeriyan ana gane shi da tocila, in aka haska ta ƙasa haske na ratsowa, ga layi-layi kamar zuma da madara.

Bayan an san dangi sai a duba zane, a nan ne ake kusantar suna. Ja ko jan ƙasa mai gajimaren toka da fararen jijiyoyi masu kauri, yawanci jan Beljiyam ne, na Rance ko wanda ake kira rouge royal. Na Rance shi ne a jikin bangon Zauren Madubai na fadar Versailles. Toka mai duhu da farin yayyafi kamar an watsa nono, Sainte-Anne ne, shi ma na Beljiyam, kuma shi aka fi rikitawa da naki, sai dai fararen nasa ba zobba ba ne, ɓarɓashi ne marasa tsari. Ja wur kamar jini da ƙananan idanu farare, griotte ne na kudancin Faransa, idanun kuwa halittun teku ne naɗaɗɗu. Baƙi ƙirin mai jijiyar zinariya Portoro ne daga Portovenere a gaɓar Italiya. Rawaya mai jijiya shuɗi-shuɗi ko ruwan hoda mai duhu na Siena ne. In kayan na Amurka ne daga shekarun 1870 zuwa 1890, sau da yawa za ki tarar da dutsen Tennessee, ruwan hoda ko ruwan cakulan, da siraran baƙaƙen layuka masu zigizaga kamar an ja biro hannu na rawa. In kuwa teburin Sin ne na baƙin katako da aka dasa wa dutse a tsakiya, fari mai zanen toka kamar duwatsu cikin hazo, wannan na Dali ne a lardin Yunnan, kuma Sinawa don zanen suke sayensa kamar yadda ake sayen hoto.

Akwai guda biyu daga nahiyarmu da ya kamata a san su. Rawayan da Rumawa suka fi ƙauna, giallo antico, daga Chemtou ta Tunisiya suke ɗebo shi. Fofirin sarakuna kuwa, ja mai duhu da ya karkata zuwa shunayya da ƙananan ɗige-ɗige masu haske, wuri ɗaya yake fitowa, Jabal Dukhan a hamadar gabashin Masar. An daina haƙarsa wajen ƙarni na 5, wurin ya ɓace wa Turawa har 1823 da James Burton da John Gardner Wilkinson suka sake isa gare shi. Ma'ana, kusan duk teburin fofirin Masar da aka yi a Turai tsakanin waɗannan lokuta, tsohon ginshiƙin Rumawa aka yanka. In wani ya ce miki yana da shi a farashin gwanjo, a fara da wuƙa. Mutanen Suwidin ma sun buɗe masana'antar nasu fofirin a Älvdalen a 1788.

Na jabu kuwa ba duka ne abin raini ba, wasu sun fi dutsen tsada. A Carpi ta Italiya, a ƙarni na 17, aka ƙware wajen haɗa garin jipsum da gam ɗin fata da launi, a shafa, a goge har ya yi kama da mabul. Sunansa scagliola, kakan fi-o-fi ɗin da ake mana silin da shi ne, amma aikin hannu ne na gwanaye. Ba shi da sanyin dutse, in an ƙwanƙwasa sautinsa a toshe yake, kuma tsohonsa na da siraran tsagu kamar gashi. A Landan kuma George Magnus ya yi rajistar wata dabara a 1840, ta yi wa falalen sileti, dutsen nan mai launin toka da ake yin allo da shi, fenti mai zanen mabul a gasa shi a tanda. Wannan yana da sanyi da nauyi, yana ruɗin hannu, amma ki duba kusurwar da ta ɓalle, za ki ga zanen fata ne kawai, ciki toka ce zalla. Koren malakit na Rasha shi ma ba falale guda ba ne, sirara ake yankawa a jera a kan wani dutse ko ƙarfe ana haɗa zanen. Wanda ba shi da daraja shi ne na zamani, garin dutse da aka kwaɓa da roba aka zuba a mazubi. Allura mai zafi a ƙasansa za ta ba da warin roba.

Wanda ke son ya gwada da idonsa, akwai tarin wani lauya ɗan Rum, Faustino Corsi, gogaggun duwatsu guda 1,000 da ke Jami'ar Oxford tun 1827. Hotunansu na intanet da bayanin kowanne, kuma ni kaina can nake komawa in dutsen Italiya ko na zamanin Rumawa ya ɗaure mini kai.

To, mu dawo kan rabin tambayarki na biyu, wanda a wurina ya fi na farko nauyi, domin shi ke taɓa daraja. Sanin sunan dutse bai nuna shekarun durowa ba, tunda har gobe ana haƙar petit granit a Soignies. Abin da kawai za a ce shi ne dutsen ya dace da siffar. Durowarki mai kusurwa huɗu ce miƙaƙƙiya, da ginshiƙi a kowane gefe da zobban tagulla a wuyansa, salon da ake dangantawa da mulkin Napoleon na farko, 1804 zuwa 1815. A lokacin ƙasar da ta zama Beljiyam tana hannun Faransa, tun 1795 har 1814, duwatsunta na kwarara Paris, kuma baƙin dutsen nan ya zauna daram a kan irin waɗannan kayan har bayan faɗuwarsa. Matsalar ita ce an sake yayin salon a ƙarshen ƙarni na 19 da farkon na 20, an yi dubbai. Sannan dutse na fashewa a hanya, a sa wani. Masu sana'ar suna kiran wannan aure, wato an haɗa sama da ƙasa da ba tare aka haife su ba.

A samo mutum biyu masu ƙarfi su ɗaga falalen. Yawanci ba a manne yake ba, nauyinsa ne ke riƙe da shi. Ki fara da ƙasan dutsen. Na dā da dogon zarto mara haƙori ake yanka shi, ana zuba yashi da ruwa, don haka ƙasansa ba ya da santsi, za ki ga miƙaƙƙun layuka marasa daidaito, ko sawun kurfi inda aka sassaƙe tudu. In kin auna kaurinsa a kusurwa huɗu da wuya su zo ɗaya. Na yanzu kuwa santimita 2 ne cif ko 3 cif ko'ina, ƙasansa sumul, wani lokaci da sawun faifan inji mai lanƙwasa, wani lokaci ma da raga da aka manna da roba. Ragar nan kaɗai ta isa shaida cewa falalen sabo ne, ko kuma an yi masa babban gyara kwanan nan. Ki duba gefen baya, wanda ke jingina da bango, a tsohon aiki ba a ɓata lokaci wajen goge shi. In kin tarar da tsohuwar karaya da aka ɗaure da ƙarfe ta ƙasa aka cike da filasta, kada ranki ya ɓaci, sau da yawa wannan alama ce mai kyau, domin ba a yi wa sabon dutse irin wannan ɗori. Fitilar nan mai shuɗin haske da ake duba jabun kuɗi da ita tana tona wuraren da aka cike, in an haska cikin duhu sukan fito da launi dabam.

Daga nan sai katakon da dutsen ya rufe. Durowar da aka yi don ta ɗauki dutse, samanta ba a yi masa ado ba, katako ne tsurarsa, ba fenti ba gugu, wani lokaci ma firam ne kawai da rami a tsakiya. In kin ɗaga kika tarar da kyakkyawan fallen katako mai sheƙi, ko ramukan noti da ba su riƙe komai, to da can saman katako gare ta, daga baya aka ɗora mata dutse. Ki lura da inuwar ƙura, shekaru na barin duhu a inda iska ke shiga da haske a inda dutse ya danne, kuma wannan zanen ya kamata ya yi daidai a jikin katakon da jikin dutsen. Fitowar bakin dutsen ta gaba da gefe biyu ya kamata ta zo daidai, ta bi siffar durowar. In an rubuta lamba da fenti ko alli a bayan durowar kuma ga irinta a ƙasan dutsen, kin gama.

A nan ne kuma ake samun hatimin kafinta in akwai. Ƙungiyar kafintocin Paris ta wajabta wa 'ya'yanta buga sunansu a jikin kaya tun tsakiyar ƙarni na 18, kuma a kan durowa wurin da aka fi bugawa shi ne saman ƙafa, ƙarƙashin dutse, sau da yawa tare da haruffan JME na masu duba ingancin aiki. An rushe ƙungiyoyin sana'a a 1791, wajibcin ya faɗi. Saboda haka rashin hatimi a kan kayan zamanin Napoleon ba aibi ba ne, yawancinsu ba su da shi. Abin da zai fi gaya miki gaskiya shi ne aljihunan. Ki zaro ɗaya ki duba haƙoran da suka haɗa gaba da gefe, na hannu ba sa zuwa daidai da juna, na inji kamar an buga da tambari. Filawud a baya ko a gindin aljihu, ko noti mai kan gicciye, wanda bai shigo ba sai shekarun 1930, suna nufin ko dai sabon aiki ko gyara.

Game da da'irar zoɓo, shawarata ki yi haƙuri da ita tukuna. Mai goge tayil zai ce ya zo da inji ya bi saman duka, kuma zai fito yana ƙyalli kamar madubi, amma wannan gyaran gangar Auzinawa ne. Tsohon gugu na hannu yana da laushin sheƙi da 'yan tudu da kwari da ake gani in haske ya zo ta gefe, kuma masu saye shi suke nema. In inji ya cinye shi ba ya dawowa. Abin da ake yi shi ne a goge wurin kaɗai da garin gugar mabul mai laushi da ɗanyen tsumma, a hankali, bayan an gwada a gefen baya, sannan a shafa kaki mara launi siriri a duk saman a murza. A baƙin dutse kakin kaɗai na rage ganin tabon sosai. Kada a shafa man gyaɗa ko baƙin mai don ya yi duhu, yana shiga ciki ya kama ƙura. Ruwan wanke banɗaki, khal, lemon tsami da tsamiya duk su yi nesa da shi. Ruwa da ɗan sabulu mara ƙarfi ya isa, a tsane nan da nan.

In za a matsar da durowar, a sauke dutsen tukuna, a ɗauke shi a tsaye bisa gefensa kamar gilashin taga. Na ga falalen da ya tsallake teku lafiya ya zo ya rabe biyu a ƙofar gida, don 'yan dako sun ɗauke shi a kwance kowa ya riƙe ƙarshe ɗaya, nauyin kansa ya karya shi ta jijiya. Katakon kuma shi ne abin tausayi a wurinmu, an yi shi ne don damshin Turai, hunturunmu na busar da shi ya tsuke, fallen ado ya ɗaga, dutsen kuwa ko a jikinsa. Ki nesanta ta da taga mai rana da bakin na'urar sanyaya ɗaki, kuma in falle ya fara ɗagawa kada a sa masa sufa gulu, gam ɗin fata aka yi aikin da shi, da shi ake gyarawa.

In kin ɗaga dutsen, ki turo mini hoto uku a hasken rana, ba filasha: ƙasan falalen da tocila a kwance ta gefe don sawun zarto ya fito, saman katakon da kusurwoyinsa huɗu, da zobban nan kusa-kusa da rula a gefensu don in ga girmansu. In yawancinsu ba su wuce ƙwayar gero zuwa ta wake ba, na tsaya a kan Beljiyam. In sun kai kaurin yatsa, sai mu waiwayi Derbyshire.